Damƙin Farko na Kaka Esen

Daga Sanjar, a ƙauyen Aktash, zuwa ga yayana Bektemir magatakarda, a birnin Uzgand. Watan Rabi'ul Awwal, shekara ta 739 bayan Hijira.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, wadda ta fi buhunan gishirin Burak falke nauyi, tunda shi zai kawo maka takardar nan. Ina gaida matarka, Yaya Nigar. Inna na gaishe ku, Gwaggo Aysulu na gaishe ku. Kaka Esen kuwa ya ce babu buƙatar gaisuwa, wai kwa haɗu a filin tsayuwa. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san iyakacina allo. Inda ka ga tawada ta malale, dariya ce ta kama ni.

Yaya, na yi wata 'yar ɓarna, kuma ta girma ta fi ni.

Ka san yadda mutanenmu suka zama tun da sanyi ya ƙone furen tuffa a tsakiyar bazara shekara uku baya. Aka yi tauraro mai wutsiya, bana kuma ruwan sama ya ƙi. Yanzu makiyayan da suka sauko daga wajen babban tafki suna cewa gafiyoyin dutse na mutuwa a bakin ramukansu, maharban da suka feɗe su don fata ba sa wuce kwana uku. Kowa ya tsuke fuska, in ban da Ladan Tokta, mai cika baki cewa shi ko Dujal ne ya zo sai ya tsaya ya jira shi ya gama kiran salla.

To, ranar Juma'a da hantsi Gwaggo ta gama rina ulun darduma, ta ce in zubar da ragowar jan rini a ramin bayan gida. Tukunya uku manya. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya na kai su saman magudanar ruwa, inda take lanƙwasawa kafin masallaci, na ɓoye cikin ciyayi. Ka san Ladan idanu a rufe yake alwala. Yana tsugunawa na tuntsurar da su duka ukun. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska sau uku da natsuwarsa, sannan ya buɗe ido. Yaya, gemun nan ja wur! Ya bar takalmansa a nan, ya zura da gudu yana "Jini! Jini a magudana!" Na yi dariya har na faɗa cikin ƙaiƙayi.

Abin da ban sani ba, akwai wani baƙo mai wa'azi a masallaci, irin masu yawo da sanda da ƙwarya. Bayan salla ya miƙe yana lanƙwasa yatsu: sanyi a bazara, tauraro mai wutsiya, annoba daga gabas, ga shi ruwa ya koma jini. Ya ce saura kwana arba'in a naɗe duniya.

Ni na ɗauka zuwa la'asar an manta. Ina! Yau kwana biyar ke nan, mata sun ajiye saƙa sun koma ɗinkin likkafani. Babbar matsalar ita ce Kaka. Lokacin shukar alkama ya yi, kuma ka sani babu mai zuba ko ƙwaya ɗaya a Aktash sai wanda ya fi kowa tsufa ya jefa damƙin farko a gonarsa. Na je na ce, "Kaka, yaushe za a buɗe ramin iri?" Ya kalle ni ya ce, "Wa zai girbe, mala'iku?" Ya sa likkafaninsa a ƙarƙashin matashi ya juya wa ƙofa baya.

Da jira zai yi magani da na jira arba'in ɗin nan ta wuce in yi musu gwalo. Amma kan dutse ya riga ya yi fari. Kafin kwana talatin dusar ƙanƙara za ta sauko, ƙasa ta daskare, garma ba za ta shiga ba. In ba a shuka ba, baɗi babu gurasa, duniya ta tashi ko ta zauna.

Don Allah ka rubuto wa Kaka takarda irin taku ta malamai, mai dogayen kalmomi, ka ce ka duba littafi ka ga da saura. Ni dai ban ga alamar tashi ba, akuyar Inna ma ciki gare ta. Ka huta lafiya.

Ƙaninka mai hankali,
Sanjar

*

Daga Bektemir zuwa ga ƙaninsa Sanjar.

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Bayan haka, ka durƙusa ka gaida Kaka a madadina, ka gaida Inna da Gwaggo, ka ce ina neman addu'arsu.

Takardarka ta iso, na karanta ta sau biyu. Ban yi dariya ba. Shekararka ashirin, ka isa riƙe garma da iyali, amma har yau kana laɓewa a ciyayi. Ka saka mutanen da suka raine ka cikin firgici don gemun mutum ɗaya.

Abin da ka nema ba zan yi ba. Babu littafin da aka rubuta ranar a cikinsa. Baƙonku bai sani ba, ni ma ban sani ba, sanin wannan na Allah ne shi kaɗai. Ba zan gyara ƙaryarka da tawa ƙaryar ba.

Kuma bari in faɗa maka gaskiya, ni kaina zuciyata ba a kwance take ba. Cutar ta shigo Uzgand. Ta fara a layin masu sayar da fatu. Mutum zai tashi da zazzaɓi, kaluluwa ta fito masa a hammata ko a matsematsi, kamar ƙwan kaza, kwana uku ko huɗu a fita da shi. Da can aikina rubuta takardun aure da na ciniki, yanzu wasiyya kawai ake kira na in rubuta. Jiya na rubuta bakwai. Wanda ya ga abin da nake gani ba zai yi wa masu ɗinkin likkafani dariya ba. Kada Inna ta ce mu taho. Malamai sun hana wanda annoba ta samu a gari ya fita, kuma ba zan kawo muku ita a rigata ba.

Magani ɗaya ne. Ka je ka faɗi abin da ka yi, ka ɗauki hukuncin da ya biyo baya. Wannan takarda kuma ka turara ta da hayaƙi kafin ka shiga da ita gida, Burak ya riƙa ajiye muku saƙo a kan dutsen bakin gada. Allah ya shirye ka, ya tsare ku.

Yayanka,
Bektemir

*

Daga Sanjar zuwa ga Yaya Bektemir.

Assalamu alaikum, tare da gaisuwar girmamawa, irin ta yaron da aka wanke tas. Na turara takardarka har ta kusa kamawa da wuta, amma faɗan da ke ciki bai ragu ba. Yaya jikinku? Inna ta ce ku riƙa rufe taga ta wajen kasuwa, ku ci tafarnuwa. Ni na ce ku ci da yawa, ko cutar ba ta gudu ba maƙwabta za su gudu.

Na bi maganarka, ga abin da na samo. Na fara da Gwaggo. Ta ce, "Ɗan banza, ka ɗauka ban gane launin rinina ba? Tun ranar na sani." Na ce to ki faɗa mana. Ta ce ta gwada, matan suka ce baƙin cikin rabuwa da dardumarta ne ya taɓa ta.

Na je wurin Ladan Tokta. Ya ja ni bayan masallaci ya ce, "Kai yaro, ni da na ɗanɗana shi da harshena? Gishiri-gishiri, da ƙarni!" Ka gane? Ya riga ya ba da labarin a gida arba'in, kullum jinin ƙara kauri yake. In rini ne, ina zai sa fuskarsa? Ya ce in na sake buɗe baki zai ce aljani ya shige ni.

Na je wurin baƙon. Wallahi Yaya ba mugu ba ne, mutanen gidansa duka suka mutu a wajen tafki, shi kaɗai ya rage. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Ko da hannun wawa aka kawo alama, alama ce." Ka ji, ko laifina ma an ƙwace mini.

Saura Kaka. Inna ta rantse in na faɗa masa a kwance zuciyarsa za ta buga. Ni kuma na san abin da zai faru: ya zage ni, ya ce to tauraron fa, kai ka rina shi? Ya koma ya kwanta.

Ga sabon abu. Dattawa sun yanke cewa ranar Alhamis ta sama za a buɗe ramin iri, a kai alkamar duka a niƙa, a yi gurasar sadaka, don wai kada a tashe mu da tambayar abin da muka ɓoye. Irin dukan ƙauye, Yaya! Wanda muka hana cikinmu a hunturun da muka ci ɓawon itace.

Ni dai na ɗaura wa shanu garma na fara huɗar gonar Kaka, wadda ramin ke bakinta. Huɗa ba ta buƙatar izinin kowa. Masu wucewa suna tambaya, ina cewa ƙasa nake tausasa wa masu haƙar kabari, kada su sha wahala. Abin mamaki, babu wanda ya tsawata mini. Tsayawa suke yi a bakin gona suna shaƙar ƙamshin ƙasa. Jiya na kama ɗan Ladan yana shafa wa tasa garmar mai a ɓoye. Kowa so yake ya shuka, babu dai mai son ya riga Kaka.

Hanyar ce ban samo ba tukuna, amma zan samo, ka san ni. Ku zauna lafiya.

Naka,
Sanjar

*

Daga Bektemir zuwa ga Sanjar.

Aminci a gare ka da mutanen gida baki ɗaya.

Ka gafarce ni, takardar gajera ce, hannuna ya gaji. An rufe kasuwa. Maƙwabcinmu na dama da na hagu duk an fita da su. Ni da Nigar muna nan da ƙafafunmu zuwa yau. Burak ya ce daga wannan zuwan ba zai ƙara kusantar ƙofar birni ba sai abin ya lafa, kuma ban ga laifinsa ba. Ka ajiye masa amsarka duk da haka, ko zai sami mai shigowa.

Na yi maka tsauri a takardar baya. Da na karanta zancen huɗarka sai na ji ƙamshin gonar nan a hancina, na fita tsakar gida na daɗe a tsaye. A nan manoman bakin ganuwa ma sun bar gonakinsu, babu wanda ya huɗa ko kunya ɗaya.

Har yanzu shawarata ita ce ka faɗa wa Kaka. Zuciyarsa ta fi ta Inna ƙarfi. Sai dai ka kiyaye abu ɗaya. Ka san in ransa ya ɓaci, abin da ke hannunsa shi yake jifa da shi, ba ya dubawa. Tabon akushin da ya jefe ni da shi ranar da na saki maraƙi yana nan a goshina. Ka tabbata hannunsa babu komai kafin ka buɗe baki.

A yafe mini abin da na yi wa kowa. Allah ya sada mu da alheri.

Bektemir

*

Daga Sanjar zuwa ga babban malami, Yaya Bektemir.

Assalamu alaikum wa rahmatullah! Gaisuwa ta musamman, da jinjina, da sumbatar tabon goshinka mai albarka. Duk karatun da ka yi a birni bai kai wannan layi ɗaya amfani ba. Na bi shawararka sarai, sai dai na juya ta.

Ranar Alhamis da safe gari duka ya hallara a bakin ramin iri. Aka ɗauko Kaka a kan jaki, ya yafa likkafaninsa a kafaɗa, wai kada tashin duniya ya same shi nesa da shi. Aka fasa yumɓun da aka liƙe bakin ramin, ƙamshin alkama ya taso, na ga maza suna haɗiye yawu. Ka san al'ada, ba a fitar da buhu sai Kaka ya zura hannu ya ji ko danshi ya shiga. Ya zura, ya ɗebo cike da tafinsa, yana murzawa. Wannan nake jira.

Ina tsaye a tsakiyar huɗa, kamar taku goma daga gare shi. Na auna tun ranar Laraba, in na matso duk a fuskata za ta ƙare, in na yi nisa ba zai jefa ba. Na ɗaga murya, ka san kunnensa:

"Kaka! Kafin duniya ta tashi ina da abin faɗa!"

Ya ce, "Wane ne wancan mai ihu kamar jaki?"

"Jikanka ne Sanjar! Jinin magudana rinin Gwaggo ne, ni na zuba! Tukunya uku!"

Inna ta dafe kai. Kaka ya ce, "Me ya ce?" Gwaggo, Allah ya biya ta, ta sunkuya a kunnensa ta maimaita masa tiryan-tiryan. Na ga gemunsa ya fara rawa, amma hannun bai ɗaga ba. Sai na ƙara masa wuta:

"Kuma kana kwance kwana ashirin kamar amarya saboda ruwan wankin ulu! Ni ma na san dalili, hannun ne ya mutu, ba ka iya jifa kuma!"

Yaya, da ka ga jifa! Tsoho mai shekara tamanin da ɗoriya. Rabi ya same ni a ido, sauran ya watsu a kan kunya uku. Na faɗi zaune ina murza ido, na ce, "Jama'a ku shaida, Kaka Esen ya jefa damƙin farko a gonarsa!"

Ladan ya zaburo ya ce wannan ba shuka ba ce, faɗa ne. Baƙon ya buɗe baki zai yi magana. Amma Kaka bai ji kowa ba. Ya miƙe daga bakin ramin da kansa, ya tako cikin huɗa da sandarsa. Na ce yau kam na mutu kafin kowa. Sai ya wuce ni, ya tsaya a kan alkamar da ta zube, ya daɗe yana kallo. Ya ce:

"Wannan wace irin shuka ce? Duk a cunkushe wuri guda. A gonata? Mutane su wuce su ce Esen ne ya yi wannan?"

Na ce, "Ai duniya za ta tashi, Kaka, wa zai gani?"

Ya ce, "Rufe mini baki, ɗan nema. Ko za ta tashi, ba ta tashi ta bar gonata haka ba. Kawo iri!"

Babu jaka a kusa. Ya sauke likkafanin daga kafaɗa, ya ƙulla shi a wuya, ya ce in zuba masa a ciki. Ya yi bisimilla da ƙarfi, ya watsa damƙi na biyu, shar, kamar ruwan sama. Kafin ya kai ƙarshen kunya wurin ya watse, kowa ya ruga ɗauko shanu. Matan da suka kwana ashirin suna ɗinki suka fito da farin ƙyallensu, ashe duk jakar iri suka ɗinka ba su sani ba. Kwana shida muka yi muna shuka, gari fari fat kamar an tashi matattu aiki. Rana ta uku na ga baƙon yana korar tsuntsaye a gonar Gwaggo. Har yanzu yana ƙirga kwanakinsa, amma da majajjawa a hannu.

Hukuncina: Kaka ya yi mini sanda biyar, uku sun same ni. Zan kuma yi wa Ladan yasar magudana ni kaɗai in bazara ta zo. Gemunsa har yau da sauran ja a ƙasa, ya ce lalle ya sa.

Dusar farko ta sauko jiya, ta rufe shukar lif. Gobe kwana talatin. Zan rubuto maka ranar arba'in da ɗaya in gaya maka ko mun tashi.

Zan ajiye wannan a kan dutsen gada in danne ta da wani dutsen. Yaya, ka amsa. Ko layi ɗaya ne, ko zagi ne. Inna tana fita bakin gada kullum da hantsi, tana cewa iska take sha. Allah ya tsare ku, ya tsare Yaya Nigar.

Ƙaninka, manomi,
Sanjar

*

Daga Bektemir zuwa ga Sanjar. Watan Ramadan.

Aminci a gare ka, ƙanina.

Hanya ta buɗe, Burak ya kawo mini takardunka guda huɗu da suka taru tun kaka, a haɗe. Ina raye. Na kwanta, na tashi. Nigar ba ta tashi ba, mun binne ta a tsakiyar hunturu. Ka faɗa wa Inna a hankali.

Cutar ta lafa, amma babu ko ganye ɗaya na alkama a kewayen Uzgand. Burak ya ce daga kan tudu ya hango Aktash kore shar, har ya ɗauka idonsa ne.

Na karanta labarin jifan, na yi dariya, karo na farko tun da aka rufe kasuwa. Zan zauna kwana arba'in a bukkar makiyaya ta hayin gada kafin in shigo, ku riƙa ajiye mini gurasa a kan dutse. Ka ce wa Kaka hannuna ya manta lauje, amma zai tuna. Ka wasa mini ɗaya.

Yayanka,
Bektemir